Zazzaɓin Riɗi

Sunansa na yanka Iliya, amma da yake sunan kakansa ne, babu mai iya kama shi a gidan, sai aka riƙa kiransa Tsoho tun yana cikin zanen goyo. Kakan nan ya taso ne daga ƙasar Hausa da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a Gadarif ta ƙasar Sudan don ya huta, ya yi noman damina ɗaya ya ƙara guzuri. Hutun bai ƙare ba har aka binne shi. Abin da ya bar wa jikokinsa shi ne 'yar gona a bayan gari, ta hanyar Hawata, wadda ta faɗo hannun Tsoho saboda sauran sun ga ta yi musu nisa.

Tsoho ya yi makaranta har ya iya karanta lambar mota, daga nan ya ga ilimin ya isa, ya shiga dako. Yau shekarunsa sun haura ashirin a siton Hajj Abdelaziz, inda ake tace riɗi, a ɗura a buhu, a loda wa manyan motoci masu zuwa bakin teku. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idan ya saɓa buhu sai ka ga kamar buhun ne ya yi ƙafafu yana tafiya. Allah ya ba shi irin jikin da ciwo ke hangowa ya sake hanya. Amai da gudawa sun shiga unguwarsu sun fita ba su san da shi ba. Sauro na cizonsa ne don neman abinci kawai, ba ya barin masa komai.

Duk da haka, a siton nan kaf babu wanda ya kai shi yawan rashin lafiya.

Dalilin kuwa riɗi ne. Dawa tana da haƙuri, za ta tsaya a gona ta jira ka har ka gama uzurinka. Riɗi ba haka yake ba. Da zarar ganyensa ya yi rawaya ya fara zuba, to 'yan kwanaki gare ka. In ka yi jinkiri, kwanson ya buɗe baki ya zubar da 'ya'yan cikin tsagar baƙar ƙasa, ka yi wa tururuwa noma. Kuma daidai lokacin ne sabon kaya ke shigowa sito, ana neman kowace kafaɗa. Yawancin 'yan dakon suna da gonaki, amma babu wanda zai je ya ce wa Hajj, "A ba ni hutu in yanke riɗina." Wannan rashin tarbiyya ne. In Hajj ya ce to, gobe kowa ya zo. In ya ce a'a, ya zama marar tausayi, shi da yake sahun gaba a masallaci. Ciwo kuwa daga Allah yake, ba ya kunyata mai shi, ba ya kunyata mai sito.

Shi ya sa duk kaka wani zazzaɓi ke sauka a wurin. Zazzaɓi ne mai ladabi. Ba ya kama wanda ba shi da gona, ba ya kama mutane da yawa rana ɗaya, kuma Sharu, shugaban 'yan dako, shi ke raba shi a gindin darbejiyar bakin ƙofa, gwargwadon gonar da ta riga nuna.

Sauran mutane aike kawai suke yi a ce ba su tashi da daɗi ba. Tsoho yana ganin wannan raini ne ga sana'a. Shi tun ana gobe yake fara shiri. Zai ƙi shayi na biyu. A wurin karin kumallo zai tsame hannu daga kwanon wake tun da saura, ya zauna yana kallon wani wuri mai nisa. In aka tambaye shi, ya ce, "Ba komai," da wata murya da ke nuna akwai komai. Ya kan koya wa sababbin shiga: "Kada ka cika nishi. Mai ciwon gaske ƙoƙarin ɓoyewa yake yi." Da tafiya ta yi tafiya ya faɗaɗa harkar: ciwon ido lokacin shuka, ciwon ciki lokacin noma. In ya dawo aiki, Hajj zai kama hannunsa ya ce, "Salamtak, ya Tsoho, sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne," sannan ya dubi sama ya tambaya, kamar ba da wata manufa ba, ko ruwa ya yi kyau bana ta wajen Hawata.

Haka ake zaune lafiya cikin rashin lafiya har yaƙi ya koro 'yar Hajj daga Khartum. Sunanta Ilham, ta karanci kiwon lafiyar jama'a, kuma zama ba aiki ya fi yaƙin damunta. Ta zaga siton, ta ga ƙura, ta ga randar ruwa a buɗe, ta ga yadda mutane ke ɗaga buhu da ƙugu. Ta ce wa mahaifinta za ta kawo shirin da zai rage yawan kwanciya ciwo. Hajj ya yi tari, ya ce Allah ya taimaka, ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Gaskiya shirin ya yi amfani, kuma wannan ne ya fi ba mutane haushi. Aka raba gidan sauro. Aka rufe randa aka sa mata moɗa mai dogon hannu. Matan da ke tankaɗe suka sami abin rufe hanci, tarin da suka ɗauka gadon gidansu ne ya tafi. Aka ba 'yan dako ɗamarar baya, aka koya musu durƙusawa da gwiwa kafin su ɗaga kaya. Kullum da safe sai a jera a tsakar sito a yi motsa jiki, magidanta masu jikoki suna miƙa hannu sama suna taɓo yatsun ƙafa, direbobin manyan motoci suna leƙe ta kan katanga suna ba da shawara. Mai shayin bakin ƙofa ma aka ce ta rage sukari, ta yi kwana biyu ba ta gaisa da kowa ba.

Sai kuma wani ɗan abin gwaji da Daktora, kamar yadda suke kiranta, ta ajiye a ofis. A tsaga yatsa, a ɗiga jini, kafin shayi ya huce ya faɗa ko akwai zazzaɓin sauro ko babu.

Tun a makon farko ta tambaya wa ya fi kowa kwanciya a siton. Mutane suka nuna Tsoho baki ɗaya, wasu ma da alfahari.

"Ammu Tsoho," in ji ta, don haka ake ce wa baffa da Larabcin garin, "kai ne ma'aunina. In ka wuce kakar bana ba ka kwanta ba, na san aikina ya yi kyau."

"Komai na Allah ne, Daktora."

"Haka ne. Amma sukari naka ne. Cokali nawa kake sa wa?"

Daga ranar bai sake samun sukuni ba. A wurin motsa jiki shi ne a gaba. Gidan sauronsa ita ta je har gida ta ga an ɗaura. In ya yi atishawa sai a kawo masa lemun tsami. Mutumin da bai taɓa sanin ciwon kai ba ya zama kamar ƙwai a hannun yarinyar nan, kuma da yake ta ce yana samun sauƙi, dole ya riƙa samun sauƙi.

Damina ta ɗauke. Wata Juma'a Tsoho ya je gona ya tarar riɗinsa ya yi abin da bai yi ba shekara da shekaru: ya tsaya har ƙirji, kwanso tun daga gindi har kai, ganyen ƙasa ya fara rawaya. Ya tsinko kwanso ɗaya ya matsa, ya buɗe ba gardama. Ya dawo gari bai tsaya gida ba sai wurin Sharu.

"Layina ya zo," ya ce.

"Wane layi? Zazzaɓi ya rasu, ya zol, mutumina, an yi jana'izarsa. Yarinyar nan jini take tambaya, jini kuwa ba ya cikin ƙungiyarmu. Shekaranjiya ta gwada Eltayeb, ga shi can yana dako, riɗinsa surukinsa ke yanka masa, rabi da rabi."

"Ni ba ni da surukin da zan ba rabi."

"To ka je ka roƙi Hajj."

"Ni? Da girmana?"

Tsoho ya murza gemu. Can ya ce, "Baya fa? Baya ana ɗiga masa jini?"

Sharu ya dube shi, ya ce shi dai bai ji komai ba.

Washegari da hantsi, ana tsakiyar lodi, Tsoho ya yi aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa. Ya saɓa buhu, ya yi taku kaɗan a kan katakon hawa mota, ya tsaya cak. Bai yi ihu ba. Ya saki buhun a hankali, kamar mai tsoron kada dukiyar Hajj ta fashe, sannan ya sulale ya kwanta a gefe, ya ce da ƙaramar murya, "Ku ci gaba da aiki, kada ku damu da ni." Wata daga cikin matan tankaɗe ta fashe da kuka. Sharu kansa sai da ya ɗan yi shakka.

A nan kuskuren ya shigo. Da can in ya yi ciwo, da ƙafarsa yake tafiya gida, unguwa kuma ta san kwanan zancen, babu mai wahalar da kansa zuwa dubiya. Wannan karon Ilham ta sa aka kwantar da shi a bayan boksin mahaifinta, wato motar ɗaukar kaya, ta tuƙa da kanta a hankali, ta ratsa kasuwa, ta ratsa unguwa, har ƙofar gida. Mutum huɗu suka shigar da shi. Kafin la'asar labari ya kai ko'ina cewa bana na gaske ne.

Niyyarsa ita ce ya sulale da sassafe, ya riga ya tura lauje ƙarƙashin tabarmar angarib, gadon igiyar da aka shimfiɗe shi a kai. Amma ana idar da sallar asuba sai ga Malam Yunus, limamin unguwa, dattijo mai shekaru kusan saba'in, da rabin sahu a bayansa. Suka zauna. Da suka tashi, wasu suka maye gurbinsu. A Gadarif ba a leƙa marar lafiya a wuce. Zama ake yi, a sha gahawa, a ba shi labarin duk wanda irin ciwon nan ya kashe. Tsoho ya ji tarihin wani mahauci da ya fara da baya ya ƙare da shanyewar ƙafa, da wani direba da ya yi atishawa kawai bai sake miƙewa ba. Wani maƙwabci mai son alheri ya kawo wanzami, aka kife Tsoho aka kafa masa ƙaho a gadon baya, ana nuna wa jama'a baƙin jinin ana cewa, "Kun ga mugun abin da ke cinsa."

Matarsa Jummare ta shekara ashirin tana yi masa ƙarya a bakin ƙofa ba ko na gode. Yanzu ta ɗaura ɗankwali ta shiga jinya da dukan zuciyarta. Baƙi ta ba su shayi mai sukari da cincin. Shi kuma kunun hulba, salam ba sukari, domin Daktora ta hana.

Da ɗakin ya ɗan yi sauƙi, ya jawo ta da raɗa.

"Ke, ki ce musu na yi barci."

"Sun ce za su jira ka farka."

"Riɗina zai zube, Jummare!"

"Wane riɗi, Malam? Mai ciwon baya ina shi ina riɗi? Kwanta. Ka ga har ka fara zufa."

"Wallahi in na tashi…"

"Tashi mana. Ga Malam Yunus can a zaure, ya ce yanzu zai shigo ya yi maka tofi."

Ya koma ya kwanta. Ta gyara masa matashi, ta ɗaga murya yadda na waje za su ji: "Sannu, Malam. Sannu. Allah ya sa kaffara."

Ilham ma tana zuwa kullum da jakar lemo. Ta danna nan, ta danna can, ta ce ya ɗaga ƙafa. Ya ɗaga kaɗan, ya cije leɓe. A zuwanta na biyu ta zauna a bakin gadon, ta ji wani abu mai tauri ƙarƙashin tabarma, ta ɗan ɗaga ta duba, ta mayar ta rufe. Sai ta ƙara masa kwanakin hutu, ta kuma ja kunnen Jummare kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya.

Yana nan kwance yana jin iskar kaka tana kaɗa rufin kwano, kowace kaɗawa yana jin ta a cikin kwanson riɗinsa. Ya rame. Wannan ya ƙara tabbatar wa masu dubiya.

Malam Yunus ne ya tuna da gonar. Bayan wata sallar azahar ya miƙe ya ce ɗan'uwansu yana kwance, amfaninsa yana tsaye, kuma abin kunya ne ga unguwa a bar shi ya zube. Za a yi gayya. Da kansa ya je wurin Hajj Abdelaziz neman 'yan dako. Hajj, wanda a gaban liman ba shi da hanyar cewa a'a, ya sallami duk ma'aikatan sito na yini guda, har da magatakarda. Tun da aka kafa wurin, zazzaɓi bai taɓa kwashe mutane haka a rana ɗaya ba.

Da farko Tsoho ya ji daɗi har ya kusa mantawa ya tashi zaune. Sai aka ce masa Sharu ne zai jagoranci aikin. Ya san Sharu a gona. Daminsa sakwa-sakwa ne, kuma yana jingine shi duk inda ya ga dama, ko a kan tsaga, ba ya share wuri.

"A kai ni," in ji Tsoho.

"A kai ka ina, Ammu?" in ji Ilham.

"Gona. In ga alherin da ake yi mini da idona, in sa albarka. Wa ya sani ko shi ne ganina na ƙarshe."

Mata suka hau salati. Ilham ta ce iskar gona tana da amfani ga marar lafiya.

Haka aka ɗora shi da gadonsa a bayan boksi, aka bi hanyar Hawata, 'yan gayya na biye a kan amalanke da babura. Aka sauke angarib a ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya a bakin gona, Jummare ta riƙe masa lema. Mutane suka jeru da lauje, liman a tsakiyarsu ya naɗe hannun riga, ya ƙi jin masu cewa ya zauna. Aiki ya kama, kuma gaskiya ya yi sauri. Kafin rana ta take, an ci fiye da rabin gonar.

Tsoho yana kwance a gefe guda yana ba da umarni da muryar marar lafiya, wadda ba ta wuce ƙafar gadon. "A ɗaure da kyau. A tsayar da kai sama." Babu mai jinsa sai Jummare, ita kuma ta ce ya daina wahalar da kansa.

Sai ga Sharu ya ɗauko wani ƙaton dami daga wajen da ya fi bushewa. Ya waiwayo ya dubi gadon, ya tabbata ana kallonsa. Sannan ya juya damin kai ƙasa, ya saɓa a kafaɗa, ya kama tafiya yana rangaji yana 'yar waƙa. Ko daga nesa ana jin riɗin yana zuba, shaaa, kamar yayyafi a kan kwano.

Waɗanda suka gani sun ce ƙafar Tsoho ba ta taɓa ƙasa sosai ba. Ya tsallake lema, ya tsallake kwalbatin bakin gona, ya ratsa kunya-kunya da tabon ƙaho a bayansa, ya fizge damin ya juya shi, yana faɗa wa Sharu wasu kalmomi game da iyayensa da ba a saba jin su a gaban liman ba. Sai da ya tsayar da damin ya gyara masa zama, sannan ya lura gonar ta yi tsit.

Ilham ce ta fara magana. Fuskarta ba alamar dariya.

"Alhamdu lillahi. Ban taɓa ganin baya ya warke haka ba."

"Ikon Allah," in ji Malam Yunus, yana share zufa. "Wanda Allah ya tashe shi irin wannan tashi, sadakar godiya ta kama shi. Rago, ba akuya ba."

"Akwai shi a gida, Malam," in ji Jummare. "Wanda maigida yake ta kiwo don Salla. Ya yi ƙiba."



Babu wanda ya yi wa Tsoho faɗa. Mutane dai suka duba abin da ya rage, wani dogon yanki ta gefen gabas, suka ga daidai aikin mutum ɗaya ne mai lafiya. Suka ajiye lauje suka taru a inuwa, aka hura wuta aka ɗora gahawa. Sharu ya miƙa masa nasa laujen, ya je ya zauna a kan angarib ya miƙe ƙafa. Daga nan shi da sauran suka riƙa jefo masa umarni.

"Ka durƙusa da gwiwa, ya zol, ba da ƙugu ba!"

"Wancan damin bai ɗauru ba!"

"A kawo masa kunun hulba!"

Tsoho ya yi ta yanka bai ɗaga kai ba. Can Ilham ta zo da moɗar ruwa ta tsaya kusa da shi.

"Ammu, baɗi in riɗi ya nuna, ka zo ka ce mini riɗi ya nuna. Zan san yadda zan yi da Baba."

Tsoho ya miƙe ya dube ta, ransa a ɓace da gaske.

"Haba, Daktora. In dubi idon 'yar Hajj in faɗa mata gaskiya tsirara haka? Ba haka aka rene ni ba."

Ya sha ruwan ya koma kan aiki.

Rana na gab da faɗuwa dami na ƙarshe ya tsaya a jikin 'yan'uwansa, a wurin da Tsoho ya share da hannunsa. Abin da ya zube bai fi cin tururuwa na mako ba. Aka fara haramar tafiya, aka ce wa Malam Yunus ya tashi, sai ya kasa. Ashe tun da hantsi bayansa ya riƙe, kunya ta hana shi faɗa. Aka kwantar da shi a kan angarib aka ɗora a boksi, Jummare ta shiga gaba kusa da Daktora, sauran wuri 'yan gayya suka cike. Tsoho ya sami bakin ƙofar baya, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, yana riƙe da ƙafar gadon kada gargada ta jijjiga liman.

"Sannu, Malam," yake cewa duk ramin da aka faɗa.

"Riƙe da kyau, Iliya," in ji liman cikin nishi. "Ragon nan ranar Juma'a ne. Ni a aiko mini da nawa gida."